Yadda Nake Gane Kalmomin Waƙa a Turanci

Ranar da na fara ganin kalmar "bridge" a takardar wata waƙar Turanci, sai da na koma sama ina neman inda aka yi maganar kogi. Ashe ba gada ake nufi ba. Wani ɗan sashe ne da ke zuwa wajen ƙarshe, inda kari ke sauyawa kafin a komo kan amshi. Tun daga ranar na daina yarda da ma'anar farko da ƙamus ya miƙo mini.

Yanzu abin da nake fara yi shi ne in tambayi kaina: wa ke rerawa, a ina, kuma don me? Mu kalmar "waƙa" ta ishe mu, sai dai mu ƙara mata bayani. Bature kuwa kusan kowane yanayi da sunansa. Uwa na lallashin jariri ya yi barci, wannan "lullaby" ce, waƙar reno ke nan. Ta yabon Ubangiji a coci "hymn" ce, kuma "him" za ka ce, harafin ƙarshe ba a furta shi. Ta Kirsimeti "carol", taken ƙasa "anthem", ta makoki "dirge". Har matuƙan jiragen ruwa na da suna da tasu, "shanty", wadda suke yi lokacin jan igiya don hannu ya zo ɗaya.

Daga nan sai ka rarraba waƙar kanta. "Verse" baiti ne, "chorus" amshi. "Refrain" ma amshi ne, amma yawanci layi ɗaya ko biyu ne da ake maimaitawa a ƙarshen baiti. Wannan kalmar fa tana da tarko. Idan ka ga "from" ya biyo bayanta, ba ruwanta da waƙa, cewa ake yi ka kame daga wani abu. "Lyrics" kalmomin waƙar ne zalla, ban da kiɗa, kuma asalinta daga "lyre" ne, wani abin kiɗa mai tsirkiya na Girkawan da. Karin kuwa shi ne "tune" ko "melody".

Da ka shiga zancen muryoyi, da yawan kalmomin aro ne daga Italiyanci, shi ya sa ba su kama da sauran Turanci. "Soprano" ita ce muryar mace mafi siriri, "alto" na ƙasa da ita, sai "tenor" ga maza, sannan "bass" can ƙasa. Wannan ta ƙarshen "bes" ake cewa. In ka ce "bas", sunan wani kifi ka kira. "A cappella" waƙa ce ba kayan kiɗa, murya kawai. Mutum 1 "solo", 2 "duet", 3 "trio", 4 "quartet".

Rubutu kaɗai zai yaudare ka, don haka ka saurari furucin kowace kalma kafin ka rubuta ta. Ni na shekara ina karanta "choir" yadda aka rubuta ta, sai daga baya na ji ana cewa "kwaya", ba ta likita ba dai, tawagar mawaƙa.

A ɗan littafina ba na rubuta kalma ita kaɗai, sai da jimlar da na tsince ta a ciki. Da haka na gane "key" ba koyaushe makulli ba ne, "pitch" kuma ba koyaushe filin ƙwallo ba, wani lokacin tashi ko saukar murya ne. In aka ce maka kana "off-key", to ka kauce wa kari, ka yi shiru ka saurari na kusa da kai kafin ka sake kamawa.