Yadda Ake Fitar Da Shafi Daga Hukuncin Google Kan Mahaɗan Bogi

Wani Alhaji mai sayar da manyan riguna masu ɗinkin hannu a cikin birnin Zariya ya taɓa kirana tun kafin in karya kumallo. "Malam, shafin nan da ka yi mini ya mutu. Kwana goma ke nan ko mutum ɗaya bai kira ni daga intanet ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wanda ya taɓa shafin bayan ni?" Ya ce babu. Sai da muka zauna ya tuna cewa ɗan ƙanensa, wanda ke karatu a Samaru, ya karɓi kuɗi a hannunsa don a "ɗaga shafin sama" a binciken Google. Yaron ya biya wani da ya haɗu da shi a zauren WhatsApp, shi kuma ya watsa mahaɗai (wato link, abin da ake dannawa a wani shafi ya kai mutum wani) dubbai zuwa shafin, waɗanda 'yan harkar ke kira baklink. Shafin ya hau na 'yan watanni, sannan ya faɗo. Araha ba ta ado.

Tun daga lokacin na ga irin wannan sau da dama, kuma kusan kowa wuri ɗaya yake tuntuɓe: gaggawar roƙon Google ta yafe masa alhali bai share komai ba.

Fara tabbatar da cewa hukunci ne

Buɗe Google Search Console, wato dandalin da Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa yake ciki, ka duba gefen hagu, ƙarƙashin Security & Manual Actions, ka danna Manual actions. In ka ga an ce babu matsala, to babu ma'aikacin Google da ya hukunta ka, kuma babu inda za ka kai ƙorafi. In akwai hukunci kan mahaɗai, za ka ga ɗayan biyu. Unnatural links to your site na nufin mahaɗan da ke shigo maka daga waje su ne matsalar. Unnatural links from your site kuma kai ne ke sayar da mahaɗai a shafinka. A wurin za a nuna maka ko hukuncin ya shafi shafin gaba ɗaya ne ko wani ɓangare.

Bambancin hukunci da faɗuwa ba tare da hukunci ba yana da tushe. A watan Afrilu na 2012 Google ta fito da tsarin Penguin, wanda ke danne shafukan da suka tara mahaɗan bogi. A watan Satumba na 2016 ta sauya shi, ya koma yana watsi da irin waɗannan mahaɗai maimakon ya danne shafin. A Disamba 2022 ma ta sake fito da wani gyara da ke amfani da SpamBrain, tsarinta na gano shafuka da mahaɗan bogi, wajen kashe tasirin mahaɗan da aka saya. Saboda haka mutum zai iya faɗowa ba tare da an hukunta shi ba: tsanin da ya taka ne aka zare. In haka ne halinka, yawancin abin da ke ƙasa ba naka ba ne.

In hukuncinka na biyun ne, Unnatural links from your site, wato kai ka karɓi kuɗin masu caca ko masu ba da bashi ta waya ka liƙa musu mahaɗi, aikinka mai sauƙi ne, don komai yana hannunka. Cire mahaɗan, ko ka sa musu alamar talla ta rel="sponsored" wadda Google ta fito da ita a 2019, ko tsohuwar rel="nofollow". Ban da sashen roƙon sake dubawa da ke ƙarshe, wanda ya shafe ka kai ma, sauran bayanin na masu hukunci na farkon ne.

Kafin komai, dakatar da wanda ke watsa mahaɗan. Wasu wata-wata ake biyansu, kuma manhaja ce ke yi musu aikin. Na ga wanda ya shafe mako uku yana shara, ashe ta baya ana ci gaba da zuba masa sabbi.

Tattara mahaɗan duka

A Search Console shiga Links, ka danna Export external links. Sauke duka biyun, Latest links da More sample links. Kowanne yana iya kaiwa layi 100,000. Zuba su a Google Sheets ko Excel, ka cire maimaici.

Za a ce maka sai ka sayi Semrush ko Majestic, manhajojin binciken mahaɗai. Da dala ake biyansu, kuma ga ƙaramin shafi ni ban ga dalilin ba. Wata irinsu mai suna Ahrefs na da sashe na kyauta ga wanda ya tabbatar shafin nasa ne, ka ƙara da shi, ya isa. Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne jerin da ɗan kwangilar ya turo a matsayin shaidar aiki. Masu sayar da mahaɗai sukan aiko da irin wannan don a biya su. Nemo shi a imel ko a WhatsApp. Na Alhaji a wayar yaron muka same shi, bayan an sha fama da shi kafin ya miƙa wayar.

Aikin nan a kwamfuta ake yinsa. Kada ka gwada da waya, idonka zai gaji ka fara tsallake layuka.

Tantancewa, inda ake faɗuwa

Nan ne aikin yake, kuma nan na fi ganin asara. Mutane iri biyu ne. Akwai mai tsoro, wanda zai kwashe duk mahaɗan da ke shigowa shafinsa ya barranta da su, har da na jaridar da ta yi hira da shi da na ƙungiyar 'yan kasuwarsu. Garin neman gira ya rasa ido: hukuncin zai tashi, amma shafin ya zama tamkar jiya aka buɗe shi. Akwai kuma mai rowa, wanda ya san sarai ya sayi mahaɗi amma yana ganin "wannan ai mai kyau ne, ba za su gane ba", sai ya ɓoye rabi. Shi kuma za a mayar masa da roƙonsa, wani lokaci har a haɗo masa da misalin mahaɗan da ya bari.

Jera mahaɗan bisa domen, wato sunan shafin da suka fito, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mahaɗai dubbai sukan koma domen 'yan ɗaruruwa, wanda mutum zai iya bi a kwana biyu ko uku. Yi ginshiƙai huɗu: domen, kalmomin da aka rataya mahaɗin a jikinsu, hukuncinka, da abin da ka yi a kai. Sannan ka buɗe kowane domen da idonka. Ban yarda da makin "guba" da wasu manhajoji ke bai wa mahaɗi ba. Lissafinsu ne, ba na Google ba, kuma na ga sun saka wa ƙaramin shafin Hausa na gaskiya jan maki don kawai ba shi da maziyarta da yawa.

Tambaya ɗaya nake yi wa kowane mahaɗi: da babu Google a duniya, mai wannan shafin zai sa shi? Wanda ya rubuta labarin ɗinkin Zazzau ya ambaci shagon Alhaji, zai sa. Shafin da aka rubuta da Rashanci kan magungunan ƙarfin maza, wanda kwatsam a tsakiyar jimla aka liƙa kalmomin "sayi babbar riga mai araha a Kaduna" da Turanci, ba zai sa ba.

Kalmomin da aka rataya mahaɗin a kai su ne suka fi tona asiri. Mutanen gaske da sunan shagonka suke ambatonka, ko su kwafo adireshin shafin yadda yake, ko su ce "duba nan". In ka ga kalmomin talla iri ɗaya sak a shafuka hamsin da ba su san juna ba, saye aka yi. Sauran alamomin: mahaɗi a ƙasan shafi ko a gefe wanda ke bayyana a kowane buɗi, sharhin da ba shi da alaƙa da rubutun da aka yi shi a kai, kundayen adireshi da ke karɓar kowa da kowa, da gungun shafuka masu fasali ɗaya da rubutu marar kan gado waɗanda mutum ɗaya ya buɗe don sayar da mahaɗi kawai.

Masu wahalar su ne na tsakiya. Ka biya wani mai shafin labarai na Hausa ya rubuta maka talla, rubutun mai kyau ne, mutanen gaske ne ke karantawa. Duk da haka kuɗi ya shiga tsakani, kuma a ƙa'idar Google mahaɗin da aka biya dole ya ɗauki alamar talla. Ko riga ka ba shi kyauta don ya rubuta, lissafin ɗaya ne. Irin wannan ba sai an goge ba, roƙe shi ya sa rel="sponsored". Musayar "sa ni in sa ka" da abokai ma, in ta yi yawa, ta shiga lissafi. Ƙa'idata ita ce: duk abin da ka san kai ko wakilinka ya biya ko ya dasa da hannunsa, ya tafi, ko da yana da kyan gani. Abin da ba ka san asalinsa ba kuma ba ya kama da talla, bar shi.

Kada girman kamfani ya ruɗe ka ka ce ƙanana kawai ake kamawa. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda aka tara wa kantin J.C. Penney na Amurka mahaɗan bogi, Google kuma ta saukar da shi ƙasa.

Nemi a cire, ka ajiye shaida

Duk wanda kake da ikon gogewa da kanka, kamar asusun da aka buɗe da sunanka a kundayen adireshi, goge shi yau. Sauran ka aika wa masu shafukan gajeren saƙo: ga adireshin da mahaɗin yake, ga inda yake nunawa, don Allah a cire. Ba a zagi, ba a barazana, kai ne ka kai kanka. Bayan mako guda ka sake aikawa sau ɗaya. Rubuta ranar kowane saƙo a ginshiƙi na huɗu.

Yawancinsu ba za su amsa ba. Wasu za su ce sai ka biya kafin su cire. Kada ka ba su ko kwabo, rubuta "ya nemi kuɗi" ka wuce. Wannan jadawalin shi ne shaidarka a gaban mai dubawa.

Fayil ɗin barranta

Waɗanda suka ƙi ciruwa su ne za ka gaya wa Google ba ruwanka da su, ta hanyar Disavow, wanda ta fito da shi a Oktoba 2012. Ba ya cikin jerin da ke gefen Search Console, sai ka buga search.google.com/search-console/disavow-links. Fayil ne na rubutu zalla mai ƙarewa da .txt, a tsarin UTF-8, layi ɗaya abu ɗaya. Yi shi a Notepad, ban da Word. Ga kamanninsa:

# an tura saƙo sau biyu, babu amsa
domain:shafinbanza.example
domain:kundinbogi.example

Layin da ya fara da # bayani ne don kanka, na'ura ba ta karanta shi. Yi amfani da domain: a kan kowane shafin shara. In ka bi adireshi ɗaya-ɗaya, gobe wani zai ɓullo daga gida ɗaya. Iyakar fayil ɗin layi 100,000 ne ko 2MB, ba za ka kai ba.

Ga inda ni kaina na faɗi. Na ɗora fayil na farko, bayan kwana biyu na gano wasu domen da suka tsere mini, sai na zuba su kaɗai a sabon fayil na ɗora. Ban san sabon fayil yana maye gurbin tsohon ne gaba ɗaya ba. Wato da hannuna na warware aikin mako biyu, na kuma tura roƙo a kan haka, aka ƙi. Kullum sauke tsohon, ka ƙara a kansa, ka ɗora cikakke. Sannan kayan aikin ba ya karɓar shafin da aka yi wa rajista a matsayin Domain property, sai mai cikakken adireshi. In kana da na http da na https, ɗora wa kowanne.

Roƙon sake dubawa

Koma Manual actions ka danna Request Review. Mutum ne zai karanta, saboda haka rubuta da Turanci mai sauƙi, ka faɗi gaskiya: an sayi mahaɗai, daga wane lokaci zuwa wane lokaci, an dakatar, an cire kaza, an barranta da kaza, ga adireshin jadawalin a Google Sheets. Tabbatar ka buɗe jadawalin yadda duk mai adireshin zai iya gani. Kada ka ce maƙiya ne suka yi maka in ka san da kuɗinka aka yi.

Amsa na iya ɗaukar kwanaki ko makonni, na mahaɗai yakan fi jinkiri. Kada ka sake turawa kafin ta zo. In an ƙi, dubi misalan da suka bayar, ka nemo duk masu kama da su a jadawalinka, ka ƙara a fayil, ka sake roƙo.

Ranar da aka ɗage hukuncin na kira Alhaji na yi masa albishir, na kuma gaya masa kada ya sa ran komawa inda yake a da nan take, don mahaɗan da suka ɗaga shi su ne muka kashe. Muka koma ɗaukar hotunan masu ɗinki suna aiki a zaure, muna rubuta sunan kowane zane kamar aska takwas da bayanin yadda ake fitar da shi, muka kuma gyara bayanan shagon a Google Business Profile. Fayil ɗin barrantar yana nan ban taɓa shi ba, duk bayan wata uku kuma nakan sauke Latest links in duba ko wani sabon abu ya shigo.