Yadda Mai Ɗaga Ƙarfe Zai Ɗore da Atisaye Har Ya Yarda da Kansa

Matasa da yawa suna fara ɗaga ƙarfe da zumuɗi, ko a gidan motsa jiki na kuɗi, ko a lungun unguwa inda aka zuba siminti a gwangwanaye biyu aka soka bututun ƙarfe a tsakiya, amma kafin a yi wata biyu sai ka nemi wasunsu ka rasa. Galibi abin da ke korar su shi ne sun dogara da zumuɗin ranar farko, alhali zumuɗi ba ya daɗewa a zuciyar kowa. Abin da ke riƙe mutum shekara da shekaru shi ne ya ga shaida a fili cewa yau ya fi jiya, don haka aikin farko na mai son ɗorewa shi ne ya tsara atisayensa ta yadda wannan shaida za ta riƙa bayyana masa.

Kafin komai, ka san abin da jikinka zai yi a makonnin farko, domin rashin saninsa ne ke karya gwiwar masu farawa. A wannan lokaci ƙarfinka zai ƙaru da sauri, amma madubi ba zai nuna maka komai ba, saboda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon yadda za su sa tsoka aiki tare, ita kuwa tsokar sai an yi kamar mako 6 zuwa 8 ana fama kafin girmanta ya fara fitowa, wani ma sai ya haura haka. Jiki kuma zai yi tsami, tsamin da ya fi tsanani tsakanin kwana ɗaya zuwa uku bayan atisaye, sa'an nan ya ragu da kansa idan jiki ya saba. Ciwo mai suka a gaɓa ko a gadon baya daban ne, kuma shi ba a daure masa. Wanda ke da hawan jini, ciwon zuciya ko gwaiwa ya fara ganin likita tukuna.

Sai ka sayi ƙaramin littafi da biro. A ganina babu wani kayan aiki a wurin atisaye da ya kai wannan littafi daraja. Duk ranar da ka je, ka rubuta kwanan wata, da irin motsin da ka yi, da nauyin da ka ɗauka, da yawan ɗagawar da ka iya. Idan a makon farko kilo 20 ka tura daga ƙirji sau 8 da ƙyar, a mako na shida kuma ka tura kilo 30 sau 10, to babu wanda zai iya musanta maka wannan, har da zuciyarka a ranar da take raya maka cewa wahalar banza kake sha. Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura, wanda ya yi fice da bayanin da ya gabatar a 1977 kan yardar mutum da iyawarsa, ya nuna cewa cikin abubuwan da ke gina wannan yarda babu mai ƙarfi kamar mutum ya yi abu mai wuya da kansa ya ga ya iya. Yabon abokai da jawaban zaburarwa suna da nasu amfani, sai dai ba sa kaiwa inda nasarar da mutum ya yi da hannunsa ke kaiwa. Ɗaga ƙarfe ya dace da wannan sosai domin nasara a cikinsa aunuwa take yi da kilo, kuma wanda ya saba ganin ya cika alkawarin da ya ɗaukar wa kansa sau uku a mako yakan tarar cewa ya fi samun ƙwarin gwiwar tunkarar jarrabawa, neman aiki ko magana a gaban jama'a.

Tsarin da zai cika littafin nan da ci gaba ba ya buƙatar dabaru masu yawa. Ka ware kwana uku a mako, da hutun kwana ɗaya a tsakani, kuma a kowace rana ka taɓa dukkan jiki da motsi huɗu ko biyar: tsugunawa da miƙewa ɗauke da nauyi, ɗaga ƙarfe daga ƙasa da baya a miƙe, tura ƙarfe daga ƙirji a kwance, tura shi sama da kai, da jan jiki sama a jikin sanda. Kowane motsi ka yi shi zagaye uku, a kowane zagaye ɗagawa 8 zuwa 12. Ranar da ka iya cika 12 a duk zagayen ba tare da jikinka ya karkace ba, sai ka ƙara kilo ɗaya ko biyu. Wannan ƙa'ida ta ƙara nauyi kaɗan-kaɗan ita ce likitan sojan Amurka Thomas DeLorme ya yi amfani da ita a shekarun 1940 wajen farfaɗo da sojojin da suka ji rauni, kuma har yau a kanta ake gina kusan duk wani tsarin atisaye na kirki. Kada ka bi sahun masu kula da ƙirji da damtse kaɗai su bar ƙafafu, domin a cinya da ɗuwawu da baya manyan tsokokin jiki suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar su yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, tare da minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici, saboda haka tafiya da sauri, keke ko ƙwallo su ma su samu gurbi.

Ka tsayar da lokaci guda, kuma ka ɗaura shi a kan abin da ba ka fashinsa, misali bayan sallar asuba ko bayan la'asar idan rana ta yi sanyi, musamman a watannin bazara. Wani bincike da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a Landan ya gano cewa sabuwar ɗabi'a takan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu ƙasa da haka, wasu kuma fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Don haka ranar da ka tashi da kasala, ka je da niyyar yin minti goma kacal; sau da yawa da jiki ya ɗumama za ka ƙarasa sauran, idan kuma ba ka ƙarasa ba, ka dai riƙe lokacinka. Abokin atisaye mai cika alkawari yana taimakawa ƙwarai, domin kunyar barinsa yana jira takan fitar da mutum daga ɗaki, kuma shi ne zai tsaya a kanka idan ƙarfe ya fi ƙarfinka a kwance.

Abinci da barci ba sai da tsada ba. Mai neman gina tsoka yana buƙatar kamar giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kimanin giram 112 ga mai kilo 70. Ƙwai ɗaya yana da kusan giram 6, sauran kuma za a iya haɗa su daga wake, awara, ƙuli-ƙuli, kifi, nono da nama idan hali ya yi. Barcin awa 7 zuwa 9 yana cikin atisayen, domin a lokacin hutu tsoka ke gyaruwa.

Babban haɗarin da ke fuskantar yarda da kai shi ne auna jikinka da hotunan da ake yaɗawa a Instagram da TikTok. Waɗannan hotuna ana ɗaukar su ne da zaɓaɓɓen haske, bayan an kumbura tsoka da atisaye, wani lokaci bayan an rage ruwan jiki da gangan, kuma da yawa daga cikin masu su suna amfani da sinadarai. Arnold Schwarzenegger, wanda ya lashe gasar masu gina tsoka ta Mr. Olympia sau 7, ya faɗa da bakinsa cewa ya yi amfani da sitiroid a zamanin da yake gasa. Allurai da ƙwayoyin sitiroid masu gina tsoka suna dakatar da sinadarin namiji da jiki ke samarwa da kansa, suna iya ƙanƙantar da maraina, su rage haihuwa, su fito wa namiji da nono, su kuma illata hanta da zuciya. Magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sun ma fi yaudara, domin irin su dexamethasone ruwa da kitse suke tarawa, suna tayar da sukari da hawan jini, tsokar kuma cinye ta suke yi. Tramadol ɓoye gajiya da ciwo kawai yake yi har mutum ya ji wa kansa rauni bai sani ba, ga jarabar da ke biyo baya. Abin takaici ne a ga yaron da ya fara da neman lafiya ya ƙare a hannun mai sayar da ƙwaya, kuma irin wannan ne ya sa wasu iyaye ke yi wa masu ɗaga ƙarfe kallon 'yan daba. Ladabinka a gida da unguwa ne kaɗai zai sauya musu wannan kallo.

Bayan watanni za ka kai inda nauyi zai ƙi ƙaruwa mako biyu ko uku a jere. Wannan yana faruwa da kowa. Ka duba barcinka da abincinka, sa'an nan ka rage nauyin na mako guda jiki ya sarara kafin ka sake hawa. Haka kuma dole wata rana tafiya, rashin lafiya ko jarrabawa su raba ka da ƙarfe. Hutun mako biyu ba ya rage ƙarfi sosai, kuma tsokar da aka taɓa ginawa ta fi saurin dawowa fiye da yadda aka gina ta da farko. A watan azumi ka mayar da atisaye bayan shan ruwa, ka rage yawan zagaye, ka ɗauki watan a matsayin lokacin riƙe abin da ka samu. Idan kuma hutun ya kai wata guda ko fiye, ka buɗe littafinka ka ga nauyin ƙarshe da ka rubuta, ka fara da kamar kashi biyu cikin ukunsa, ka riƙa ƙarawa a kowane zuwa har ka koma matsayinka.