Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Mota Shaƙewa Idan An Taka Totur

Za ka wuce tirela a babbar hanya, ka taka totur, sai motar ta yi kamar an riƙe mata wuya. Ta ja numfashi, ta fizga sau biyu, sannan ta ɗauka. Ka kai ta gareji, ko bonet ba a gama ɗagawa ba za ka ji an ce, "Alhaji, famfon mai ne." Wani lokaci shi ɗin ne. Amma sau da yawa kuɗin famfon kan tafi, shaƙewar tana nan daram, domin ba a bi ciwon daki-daki ba.

Injin fetur iska yake buƙata, da mai, da wuta. Awonsa kusan kashi 14.7 na iska ne ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Da ka taka totur iska ke kwararowa farat ɗaya, idan mai bai biyo ta daidai ba, ko wutar fulogi ta yi rauni, nan motar ke shaƙewa. Zan yi misali da Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ-FE, tunda ta cika titunanmu, amma hanyar ɗaya ce ga yawancin motoci masu nozul, wato masu fesa wa injin mai ta ƙananan bakuna.

Da farko ka tabbatar injin ne. Idan ka taka totur injin ya yi ƙara, allurar da ke nuna juyawarsa ta haura, amma motar ba ta ƙara gudu ba, to kulochi ne ko giyabos ke zamewa, kada ka taɓa injin. Sannan ka tuna yaushe abin ya fara. Idan daga shan mai ne, musamman na galan a hannun 'yan bumburutu, man shi ne abin zargi na farko. Ko a gidan mai ma ana dacewa da gurɓatacce, kamar yadda aka gani a Najeriya a Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol. Maganin wannan a juye tanki.

Na biyu, a jona mata kwamfuta. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da kafar OBD-II mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari. Nan ake jona kwamfutar, ita kuma ta nuna lambar matsala. P0301 zuwa P0304 na nufin silinda ta ɗaya zuwa ta huɗu ba ta ƙona mai daidai. P0171 kuwa iska ta yi wa mai yawa. Ka rubuta lambar da hannunka kafin a goge ta. Idan kuma fitilar injin da ke dashbod ƙyaftawa take yi, ba tsayawa ta yi a kunne ba, ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa, ɗanyen mai ne ke tafiya salansa.

Na uku, iska, kuma a nan na fi so mutum ya daɗe. Buɗe akwatin iya kilina, ka ɗaga matatar ka fuskanci rana da ita. In haske bai ratso ba, ta gama aiki. Ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ta, kuma bugun ta a jikin taya da yaran gareji ke yi ba gyara ba ne. Gaba da akwatin kaɗan akwai na'urar awon iska, MAF, wadda sukurori biyu ke riƙe da ita. Ka kashe mota, ka cire soket ɗinta, ka zaro ta. A cikinta akwai wayoyi sirara kamar gashi. Idan ƙura ta lulluɓe su, sai su riƙa gaya wa kwamfutar mota cewa iska kaɗan ce ke shiga, ita kuma ta rage mai. Ka fesa musu maganin wanki da aka yi musamman dominsu, ka bari su bushe kamar minti 15. Kada ka sa fetur, kada ka goga tsumma ko tsinke. Daga nan ka lanƙwasa babban tiyon roba da ke tafiya injin ka duba cikin ninkinsa, nan tsagewa ke ɓuya. Wannan Corollar kuma an san ta da yoyon iska ta gasket ɗin manifol, wato abin da ke toshe mahaɗar bututun da ke kai iska cikin injin, musamman da sanyin safiya.

Na huɗu, wuta. Ka bari injin ya huce kafin ka kwance fulogi. Baƙi ƙirin alamar mai ya yi yawa ne, fari fat kuma mai ya yi kaɗan. Tazarar bakinsa a wannan injin milimita 1.1 ce. Kwail kuwa, wanda ke ba kowane fulogi wuta, akwai dabarar da ba ta cin ko sisi: idan kwamfuta ta nuna P0302, ka musanya kwail na biyu da na uku, a goge lambar, ka zaga da motar. In ta koma P0303, ka kama ɓarawon, guda ɗaya za ka saya, ba huɗu ba.

Sai yanzu aka zo kan famfo. A sa ma'auni a gwada ƙarfin turawarsa, ya kamata ya tsaya tsakanin 44 da 50 a awon psi. Ban yarda da gwajin zare tiyo a kalli yadda mai ke tsartuwa ba, ido ba ya auna wannan, ga kuma haɗarin gobara. Matatar man wannan motar a cikin tanki take tare da famfon, wani lokaci ita kaɗai ce ta toshe. In awon ya yi daidai, a wanke nozul. Mai yawo kullum da fitilar mai a kunne ya sani fetur ɗin ne ke sanyaya famfon.

Idan duk waɗannan lafiya suke, amma motar tana ƙara mutuwa in ta yi zafi ko ta kama hawa, a duba tukunyar tace hayaƙi ta cikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Takan narke ta toshe hanyar hayaƙi. Ka tsaya a wurin lokacin da za a kwance ta, domin abin da ke cikinta yana da masu saye da tsada.