Yadda mai ciwon taurin fata zai lallaɓa huhunsa lokacin hazo da hayaƙi

Yayata tana da ciwon nan da likitoci ke cewa sikilarodama, wanda fata ke yin tauri ta ɗame kamar an ja ta, kuma duk shekara da zarar hunturu ya kama sai hankalin gidanmu ya tashi, shiyasa nace bari in rubuta abun da muka koya ko Allah zai sa ya amfani wani gidan.

Da farko dai ciwon ba sammu bane, ba kuma a ɗaukarsa a jikin wani. Garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, sai jiki ya dinga yin tabo a inda babu rauni, a fata, a ƙananan jijiyoyin jini, a maƙoshi da hanji, a huhu, wani lokacin har ƙoda. Mata ya fi kamawa, yawanci tsakanin shekara 30 zuwa 50. A jikin baƙar fata irin namu sau da yawa zaku ga fatar tayi dabbare-dabbare, fari da baƙi kamar an barbaɗa gishiri, baki ya tsuke, yatsu su ƙandare. Amma fatar ita ake gani kawai, abun da yafi kashe masu ciwon nan shine huhu, ko dai yayi tabo ya daina buɗewa yadda ya kamata, ko kuma hawan jini ya kama jijiyoyin huhun. Toh huhun da dama a wahale yake, kullum kuma ana cusa masa ƙura da hayaƙi, ai kunga dole tari da haki su ƙaru.

Akwai ƙurar da alaƙarta da ciwon ta daɗe da tabbata, wato ƙurar dutse da ake kira silika. Tun 1914 wani likita a Sikotland ya lura da ciwon a jikin masu sassaƙar dutse, sannan a 1957 wani likita mai suna Erasmus ya nuna yawansa a cikin masu haƙar zinare a Afirka ta Kudu, har yau ana kiran haɗuwar ciwon da ƙurar dutse da sunansa. Don haka in namiji ne ya kamu, abu na farko a duba sana'arsa. Yana fasa dutse a kwari? Yana niƙa dutsen zinare a inji irin yadda akeyi a Zamfara? Yana yankan tayil a bushe? In eh ne, a faɗa wa likita ko bai tambaya ba, kuma gaskiya shawarata ya canza aiki in da hali, in babu hali a dinga jiƙa dutsen da ruwa kafin a niƙa ko a yanka, a kuma cire kayan aiki a wanke jiki kafin a shiga gida. Haka masu fenti da masu wanke inji da sinadarai masu ƙarfin wari, suma an danganta wasu daga cikin sinadaran da ciwon.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar a wajenmu. Kusan duk mai ciwon nan in sanyi ya taɓa shi jijiyoyin yatsunsa tsukewa sukeyi, yatsun suyi fari fat ko suyi shuɗi-shuɗi, su mutu, in jinin ya dawo kuma zugi kamar ana soka allura, in abun ya yawaita har gyambo ke fitowa a kan yatsa. Toh me Bahaushe zaiyi in yana jin sanyi? Wuta zai hura. Haka muka dinga yiwa yayata shekarar farko, da asuba a zuba garwashi a kasko a kai mata ɗaki a rufe ƙofa, mu a ganinmu gata muke mata, ashe yatsun muke ceto muna cutar huhun. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Gawayi a rufaffen ɗaki ma ko lafiyayye yana iya kashewa, saboda iskar gubar da yake fitarwa bata da wari bata da launi.

Abun yi shine a samo ɗumi ba tare da hayaƙi ba. A dafa ruwa a waje ko a kicin a zuba a fulas tun dare. Da asuba a sirka shi ya zama mai ɗumi, ba mai zafi ba, don yatsun da suka mutu basa gane zafi sai sun ƙone, da shi za'ayi alwala, da shi za'a wanke hannu. A zuba wani a gora mai murfi a naɗe da tsumma a riƙe a cinya. Safar hannu da ta ƙafa tun kafin a fito daga bargo ake sa su, ba sai yatsun sun riga sun yi fari ba, kuma a rufe ƙirji da kai sosai, riga kan riga, domin in gangar jiki taji sanyi yatsun tsukewa zasuyi ko da safa. Bayan an taɓa ruwa a shafa man kaɗe ko basilin da yawa, iskar hunturu tana tsattsaga fatar da dama ta ɗame. Wanki da wanke-wanke da ruwan randa da sassafe kam a ɗauke mata shi gaba ɗaya, dan Allah 'yan gida kar ku jira sai ta roƙa.

Sai hazon kansa. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iska na kwaso ƙura daga hamada, mai yawa daga kwarin Bodele dake arewacin Chadi, ta sauke mana. Wadda muke gani a kan mota da kujera ba ita ce mafi muni ba, hanci na tare da yawa daga cikinta. Akwai 'yan mitsi-mitsi da ake kira PM2.5, sun fi kaurin silin gashi ƙanƙanta kusan sau 30, su ne ke wucewa har can ƙasan huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 tace kada su wuce mikirogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a rana, ranar da hazo ya sauka sosai kuwa mun ninka haka sau da yawa. Ranar da kuka tashi kuka ga rana tayi fari kamar wata, ba'a hango ƙarshen layi, mai ciwon ya zauna a gida, a tura tagogi, a jiƙa tsumma a toshe ƙasan ƙofa. In fitar ta zama dole a sa takunkumin N95 wanda ke kama fuska ta ko'ina, mayafi ko rawani da ake rufe hanci da shi da shuɗin takunkumin nan na asibiti basa tare ƙananan sosai. In numfashi na sarƙewa a cikin takunkumin a faɗa wa likita, kar a daure.

Cikin gida kuma shara da tsintsiya a bushe tada ƙura kawai takeyi, a yayyafa ruwa tukunna, ɗaki kuma a goge da jiƙaƙƙen tsumma, mai ciwon ya koma wani wajen sai an gama. Girki in da halin gas shi yafi, in itace ne ko gawayi to wani ya girka, a fili, ba a bakin tagarta ba, kuma kar a hura wutar da leda ko roba. Janareto a kai shi nesa, bututun hayaƙin ya kalli waje. Igiyar leko a daina kunna ta, gidan sauro ya wadatar. Turaren wuta nasan da wuya mace ta rabu da shi, mu abun da mukeyi shine a turara kayan a wani ɗakin a bari hayaƙin ya fita kafin a kawo mata. Sigari da shisha kuwa babu sassauci ko kaɗan, huhu suke ci kuma suna ƙara tsuke jijiyoyin yatsu, ko baƙo ne a ce masa ya fita waje. In makwabta na ƙona bola ko taya a je a roƙe su da mutunci, a faɗa musu akwai mara lafiya, da yawa suna ji.

Wani abu da mutane basu haɗa shi da huhu ba shine ƙwannafi. Masu ciwon nan na fama da shi sosai, kuma abun da ke tasowa daga ciki cikin dare yana iya zirarawa huhu. A ci abincin dare da wuri, kamar awa 3 kafin kwanciya, a ɗaga kan gadon da bulo ko katako.

A sami ɗan littafi a dinga rubutawa, yau an yi hazo, tari ya ƙaru, hawa bene ya gagara, yatsu sun yi fari sau kaza. Shi za'a kai wa likita, a kuma tambaye shi gwajin hura iska na huhu da hoton zuciya, waɗanda ake so a dinga maimaitawa akai-akai ko ba'a jin komai, yawanci a asibitocin koyarwa ake samunsu. Kada a sayi maganin rage kumburi da ake kira firedinisolon a kemis a sha don tari ko ciwon gaɓoɓi, shan shi da yawa na iya tada matsalar ƙoda ga mai wannan ciwon, a dinga auna hawan jini a gida ma. In kuma numfashi ya sarƙe alhali mutum na zaune, ko leɓe yayi shuɗi, ko zazzaɓi ya haɗu da tari, ko jini ya hau farat ɗaya da ciwon kai da raguwar fitsari, ko kan yatsa ya fara baƙi, a nemi mota a tafi asibiti a lokacin ko tsakar dare ne, a ɗauki littafin da duk magungunan da ake sha a tafi dasu.