Yadda za ka tsaya wa ɗanka a harkar wasanni ba tare da kai ka zame masa matsala ba

Abu na farko, in an tashi wasa ka kama bakinka. Da gaske nake. Yaro ya fito daga fili a gajiye, an ci su uku da nema, shi kansa ya san ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga, sai kai kuma tun a hanyar gida ka fara, me ya sa ba ka buga da hagu ba, kalli ɗan wane yadda yake gudu, duk kuɗin da nake kashewa a kanka a banza. Ka miƙa masa ruwa kawai, ka ce na ji daɗin kallonka yau, shi ke nan. In yana son zancen wasan zai ɗauko shi da kansa gobe ko jibi.

Haka ma a bakin fili. Koci na cewa ya tsaya a baya, kai kana ihu ya hau gaba, to ɗan shekara 10 wa zai bi? Naka tafi ne da ƙarfafa gwiwa, umarni na koci ne. Zagin alƙalin wasa kuwa, wallahi yaran kunya suke ji, ba sa dai faɗa ne.

Dalilin da ya sa na fara da wannan ba wai don yaro ya ji daɗi ba ne kawai. Yaron da yake tsoron ɓata maka rai, ranar da wani ya cuce shi ba zai iya gaya maka ba, don a ganinsa in ya yi magana za a cire shi daga tim, burin Baba ya rushe. Masu cutar da yara sun san haka sarai, da shi suke aiki.

Ku tuna Larry Nassar, likitan tawagar 'yan wasan jimnastik (wasan tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki) ta Amurka. A Janairun 2018 wata kotu a jihar Michigan ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata da 'yan mata sama da 150 sun tsaya a gaban kotu sun faɗi abin da ya yi musu da sunan magani. Wasu ma iyayensu na cikin ɗakin ya yi, ya kare da jikinsa, wasu kuma sun kai ƙara tun da wuri ba a yarda da su ba, ai babban likita ne. A Ingila ma sai a 2016, da tsohon ɗan ƙwallo Andy Woodward ya fito ya yi magana, asirin Barry Bennell ya gama tonuwa, kocin yara ne da ake ganin shi ke buɗe wa yaro ƙofar manyan kulob, har iyaye na barin 'ya'yansu su kwana a gidansa. Yara maza fa. Don haka masu cewa ai nawa namiji ne ba damuwa, ku sake tunani.

To me za ka duba? Kafin ka sa yaro a kulob ko akadami ka tambaya kai tsaye, wa ke kula da kare yara a nan, in akwai ƙorafi wa ake kai wa, an binciki tarihin kococin? FIFA ta fito da shirin FIFA Guardians a 2019 kan wannan batu, don haka tambayar ba raini ba ce. In suka harzuƙa don ka tambaya, ka samu amsarka. Sannan ka riƙe ƙa'ida ɗaya, babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya, ko a mota, ko ɗakin canza kaya, ko ɗakin otel in an yi tafiya, ko wajen duba rauni. Saƙon WhatsApp ma ya zama a guruf ko da kai a ciki. Kocin da yake ware ɗanka da kyautar takalmi da waya, yana kiransa da dare, yana ce masa wannan tsakaninmu ne kar ka gaya wa kowa, kada ka tsaya jiran hujja. Kuma ka riƙa faɗowa tirenin ba sanarwa lokaci-lokaci.

Cin zarafi ba lalata ce kaɗai ba. Duka, zagi a gaban abokai, hana ruwa a matsayin horo, gorin ƙiba, tilasta wa yaro buga wasa da rauni, duk suna ciki, kuma a nan ne mu iyaye muka fi ba da kai, sai ka ji ana cewa ai haka ake zama gwani. Binciken lauya Anne Whyte da ya fito a 2022 kan jimnastik a Birtaniya irin waɗannan abubuwan ya bankaɗo, ana auna nauyin yara a kai a kai, ana hana su abinci da ruwa.

Jikin yaro ba na babba ba ne, ƙarshen ƙasusuwansa akwai guringuntsin da bai gama ƙwari ba, shi ya sa ciwon gwiwa da na dunduniya suke yawa a lokacin da yake tsawo. Wani ma'auni mai sauƙi da likitocin wasanni ke bayarwa, awannin tirenin a sati kada su wuce shekarunsa, ɗan shekara 12 awa 12 ne iyaka, da hutun kwana ɗaya ko biyu. Ka bar shi ya taɓa wasanni daban-daban. In ya bugu a kai yana jiri ko amai ko ya rikice, ya gama wasa ranar, sai likita ya gani, ko wasan ƙarshe ne. A Amurka tun 2015 aka hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai.

Sai maganar ejan da ke zuwa da alkawarin gwaji a Turai in ka biya kuɗin biza. Dokar FIFA ta hana sauya sheƙar ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin shekara 18 in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan. Kar ka ba da fasfo, kar ka cire shi daga makaranta.

In kuwa ka ga yaro ya fara ƙin zuwa tirenin, ciwon ciki duk ranar wasa, baya barci, ya daina surutu, ka zauna da shi ba a ranar wasa ba, ka tambaya a hankali, kuma ka gaya masa in yana son ya daina ba abin da zai ragu tsakaninku. In ya faɗi wani abu, ka danne fushinka a gabansa, kada ka ce ka tabbata kuwa, ka ce na yarda da kai, ba laifinka ba ne. Ka rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi da kwanan wata, ka adana saƙonnin waya kar a goge, kada ka je ka tunkari mutumin don zai ɓoye hujja. Ka kai yaron asibiti, ka kai ƙara wajen 'yan sanda ko hukumar kare yara, ba wajen shugabannin kulob kaɗai ba, su sau da yawa sunan kulob ne a gabansu. Kuma kada yaron ya koma filin sai an janye mutumin.