In fitilar cek injin ta kama a motarka

Salam 'yan uwa masu mota. Don Allah a daina bari bakanike ya cire kan batir ko ya liƙe fitilar nan da baƙin salatif, matsalar tana nan, ɓoye ta kawai aka yi.

Duk fitilar da ta kama a dashbod, fara duba kalarta. In ja ce, ta baƙin mai mai kama da buta ko ta zafin injin, faka nan take ka kashe mota ko a tsakiyar hanyar Gusau zuwa Talata Mafara kake, in ka matsa injin zai buga. Ta batir kuma galibi altaneta ce ko fanbel.

Ita cek injin ruwan ɗorawa ce, in ta tsaya cak kana iya lallaɓawa, ka fara duba marfin tanki ko bai rufu da kyau ba. Amma in tana ƙiftawa to injin na misin ne, wato wata silinda ba ta ƙona mai daidai, yawanci fulogi ko koyil, kada ka taka totur don man da bai ƙone ba zai ƙona maka indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, kuma kun san kuɗinta yanzu.

Kai ta wajen mai kwamfuta ya jona na'urar OBD2 mai karanto matsalar mota ƙarƙashin sitiyari, ka rubuta lambar da ta nuna da kanka kafin a goge. P0300 misin ne, P0420 indomi, P0171 iska ta fi mai yawa, a nan sai a duba sensar iska da filta saboda ƙurar hunturun nan tamu, balle in kana shan man bumburutu. A gyara tukuna sannan a goge.