Kurakuran da aka fi yi wajen sayen ƙaramar karaban, musamman ga mai ja da ita tsakanin Yamai da Tawa

Jama'a barkanmu da warhaka. Maganar karaban ce yau, ɗan ɗakin nan mai taya biyu da mota ke ja a baya, da gado da wurin dahuwa a ciki. A Yamai ba a cika ganinta ba gaskiya, amma ga mai aikin shantiye da ke kwana daji, ko mai haƙar foraj, ko likitan dabbobi, ko Alhajin da ke da garka nesa da gari, abu ne mai amfani ƙwarai in an iya zaɓe. In ba a iya ba kuma sai ta zama ɗakin ajiyar tarkace a tsakar gida, kaji na kwana a ƙarƙashi.

Babban kuskure dai shi ne sayen jin daɗin Bature. Mutum ya ga hoto a waya, kujeru masu laushi, kafet, labule, injin ɗumama ɗaki na Truma, sai ransa ya biya. To ɗan'uwa waɗannan kaya an yi su ne don sanyin Jamus da Holan da Faransa, su matsalarsu yadda za su riƙe ɗumi a ciki, kai kuma matsalarka yadda za ka fidda shi. Watan Afrilu da Mayu a Tawa zafi na wuce digiri 40 hankali kwance, ka rufe wannan akwati da rana tsaka ka dawo ka buɗe, wallahi tanda ce. Jin daɗi a nan wajenmu abu huɗu ne, inuwa, iska, ruwa mai sanyi, da gadon da za ka miƙe ƙafa, duk sauran ado ne. Don haka ka fara ƙirga tagogi, nawa ne, suna fuskantar juna yadda iska za ta ratsa, akwai ta sama a rufi, akwai ragar sauro a kowace kuma ba ta yage ba. Injin ɗumamar ba zan ce ka cire ba, don daren Disamba da Janairu wajen Abalak ko Agadas sanyi na shiga ƙashi, amma kada ka ƙara ko dala ɗaya saboda shi, bargo biyu sun isa.

A nan ne masu rufin da ake ɗagawa suka yi fice, irin Eriba Touring ta kamfanin Hymer na Jamus, da ake yi tun ƙarshen shekarun 1950, mai samfura irin su Puck da Triton da Troll. In ka tsaya ka ɗaga rufin, gefensa tamfol ne mai zif da raga, zafin da ya taru a sama sai ya fice ta nan, in ka sauke kuma a kan hanya ba ta tare iska sosai, mota ba ta shan esansi kamar mai jan dogon akwati. Aibinta tamfol ɗin, rana da ƙura na cinye shi, amma wannan mai ɗinkin tamfol na iya maka. Sai dai in hadari ya taso da damina da irin iskar nan tamu mai tuge bishiya, ka sauke rufin tun kafin ta iso.

Sai maganar kilim, wadda kowa ke fara tambaya. Kilim na rufi na cin wuta wajen wat 1000, kuma wutar gida 220 yake so. Bateri mai 100Ah irin na dalma, abin da za ka iya sha a cikinsa ba tare da ka kashe shi ba wajen rabi ne, wato ko awa ɗaya ba zai riƙe maka kilim ba. Mutane na jin an ce akwai pano sola a rufi sai su ɗauka shi ke nan, alhali ɗan panon nan na fitila ne da cajin waya da bantilater. In inda kake zuwa akwai wutar NIGELEC ko kana yawo da gurup, to kilim ya yi, in babu ka sa kuɗin a rumfar gefe mai faɗi, bantilater biyu masu 12V, da ƙarin pano. Ni a ganina rumfar ma ta fi komai, don mu ba mutanen zaman cikin ɗaki ba ne, tabarma, shayi, salla, hira, duk a waje ake yi, cikin na barci ne da ajiyar kaya.

Firigo ma haka. Yawancin karaban na Turai na zuwa da firigo mai aiki da gaz ko 12V ko wutar gida, wanda ba shi da kwamfaresa, shiru yake aiki amma da zafin waje ya wuce talatin da wani abu sai ya fara gazawa, kuma in ba a daidaita karaban ɗin ta tsaya cak ba ya ƙi yin sanyi gaba ɗaya. Mai sayarwa a Turai zai ce maka yana aiki lafiya, kuma ba ƙarya ya yi ba, a garinsu yana yi. Ka sa a lissafi tun farko cewa za ka sayi mai kwamfaresa na 12V.

Yanzu nauyi, wanda shi ne ke kashe mutane ba ma kuɗi ba. A jikin kowace karaban kusa da ƙofa ko a kan ƙarfen ja akwai ɗan faranti da aka rubuta iyakar nauyin da aka yarda ta kai, a takardun Faransa PTAC suke rubutawa, sai kuma nauyinta ba kaya. Abin da ke tsakani shi ne kayanka, kuma a ƙananan nan sau da yawa bai wuce kilo 150 zuwa 250 ba. Yi lissafi ka gani, jarka biyu na ruwa masu lita 20 kilo 40 ke nan, butelin gaz na kilo 12 in yana cike da ƙarfensa ya kusa 25, bateri wajen 25 zuwa 30, rumfa da sandunanta 20 ko fiye, kilim wajen 30, ba ka sa tayar sukur ba, ba ka sa tukwane da buhun shinkafa ba. Kafin uwargida ta kawo nata kayan ka riga ka cika. Shi ya sa wadda aka cika wa kayan alatu ba lallai ta fi ba, kowane alatu daga rabon kayanka aka cire shi.

Motar ma da iyakarta, yana rubuce a littafinta, nauyin da za ta ja in abin na da birki da in ba shi da shi. A ƙa'idar Turai abin da ya wuce kilo 750 dole ya zama da birkin kansa. Masu karaban a Ingila suna ba sabon shiga shawara kada nauyin karaban cike ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar ba kaya, shawara ce ba doka ba amma mai kyau ce. Hilux ko Land Cruiser ba su da damuwa da ƙaramar karaban, amma mai Corolla da ya ce ai tana ja, eh tana ja, tsayawa fa? Da kuma hawan tudu da rana tsaka injin na tafasa?

Kuma yadda aka jera kayan. Mai nauyi ƙasa, daidai kan tayoyi. Abin da aka saba shi ne a dawo ta Galmi a ga albasa ta yi araha a loda buhu uku can baya ƙarƙashin gado, sai gaba ya yi sakayau, kana cikin gudu babbar bas ta wuce ka sai wutsiya ta fara lilo hagu da dama. In haka ta faru kada ka taka birki da ƙarfi, kada ka yi kokawa da sitiyari, ɗaga ƙafa daga totur ka riƙe miƙe har ta lafa. Nauyin da ya kamata ya danna ƙwallon ja, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da ake maƙala karaban, wajen kashi 5 zuwa 7 cikin 100 ne na nauyin karaban, muddin bai wuce abin da aka rubuta wa motar ba. Aunawa ba wuya, sikelin nan na gida da ake hawa, ka yanke guntun katako daidai tsayin ƙwallon motarka, ka tsaida shi kan sikelin ƙarƙashin bakin ƙarfen ja, ka sassauta ƴar tayar gaba a hankali har nauyin ya sauka kansa, ka karanta. Mai kilo 1000 ya kamata ka ga 50 zuwa 70. Kuma don Allah ba a ɗaukar mutum a ciki ana tafiya, ko yara sun yi kuka.

Wani ɗan abu da makanisiye ke yi da kyakkyawar niyya, ya ga ƙwallo a bushe sai ya lafta masa giris. In bakin janka irin AKS ne na kamfanin AL-KO mai hana lilo, cikinsa akwai ƴan faya-fayai da ke matse ƙwallon, giris na kashe aikinsu, a bushe ake barinsa, ko fenti ba a so. Ƙwallon milimita 50 ne, kuma ka duba soket ɗin fitilu, akwai mai baki 7 akwai mai 13, ka sa a haɗo maka da adafta.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi kuma, sayen tsohuwa ta hoto. Araha ba ta ado. Yawancin tsoffin karaban bangonsu aluminiyom ne a waje, soso a tsakiya, da ƙashin katako, in ruwa ya shiga ta bakin taga ko rufi sai katakon ya ruɓe daga ciki waje na ƙyalli. Duk wanda ka wakilta ya duba maka a can, ɗan'uwa ne ko aboki, ka ce ya shiga ya rufe ƙofa ya shaƙa tukuna, warin rima ba ya ɓoyuwa, in ya ji an fesa turare da yawa ma abin tambaya ne. Ya ɗaga katifu, ya buɗe akwatunan ƙarƙashin kujera, ya danna babban yatsa a kusurwoyi da ƙasan kowace taga, in bango ya lotsa ko ya ga baƙin tabo ko takardar bangon ta kumbura, ya fito kawai. Ya taka ƙasan ko'ina, musamman bakin ƙofa, in yana lotsawa an gama. Irin wannan in ta hau gargadar hanyar Tawa zuwa Agadas kabad-kabad za su fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage kuma gara ta cinye shi a gida.

Tayoyi kada zanen su ya ruɗe ka, tayar karaban tsufa ke kashe ta ba tafiya ba. A gefenta bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu, 2316 na nufin sati na 23 na shekarar 2016. Ta wuce shekara 5 zuwa 7 canza, ko da sabuwa take a ido, kwaltarmu da rana ba ta da tausayi. Ka sayo rulma na sukur tun daga can, da notin da ke riƙe shi don na AL-KO sau ɗaya ake ɗaura shi. Tagogin roba kuma in ɗaya ta fashe samun irinta sai an yi oda, ƙarfe kam masu walda a kasuwar Katako za su yi maka komai, amma taga mai lanƙwasa a'a.

Wadda aka yi don Ingila, irin su Swift ko Bailey, ƙofarta na hagu don su ta hagu suke tuƙi, mu ta dama, ka tsaya bakin hanya a Dogon Dutsi yaro ya buɗe ƙofa ya sauko cikin kwalta. Nemi ta Faransa ko Jamus, Caravelair, Sterckeman, Knaus, Eriba, har soket ɗin wutarsu ya dace da namu. Masu dogon aljihu da aikinsu laterit ne da yashi kullum, gaskiya na Afirka ta Kudu irin Conqueror da Bush Lapa aka yi don wannan, ƙasansu a ɗage, tayoyi manya, amma nauyi da tsada sai mai 4x4.

Banɗaki a ciki, mutane na nacewa a kai, ni dai ina da ja. A ƙaramar karaban yana cinye wurin da gado zai samu, tankin ƙazantarsa na kamfanin Thetford sai ka ciro da hannunka ka zubar, yana son maganinsa, kuma da zafin nan wari zai tashi taku ɗaya daga inda ake dahuwa. In da iyali ake tafiya, mata da tsofaffi, to yana da hujja da dare. In maza ne ƴan aiki, ɗan tantin kewaye a waje da buta sun wadatar. Gadon kuma ka sa a auna da mita, da yawa a gicciye suke kuma dogon mutum sai ya naɗe ƙafa, sannan wanda sai an kwance tebur kullum dare kafin a shimfiɗa, sati ɗaya za ka gaji.

Lokacin hunturu ƙura za ta shiga ta ƴan ramukan da ke ƙasa, sai mutum ya samu tsumma ya toshe. Kada ka yi, gaz ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ta nan yake fita. Kuma kada a shigo da gawayin shayi ciki a rufe ƙofa don sanyi, hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa shi ke kashe mutane cikin barci.

Kuɗi kuma, farashin da ka gani a intanet somin taɓi ne. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne in an bi rubutun banki, wato wajen 656, mai yuro 6000 ta kusa miliyan 4 tun tana can, sabuwar Eriba kuma ta wuce yuro 20000, sama da miliyan 13. Sai jirgin ruwa, sai tiranzi, sai duwan, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da aka saba bi da su ta Kwatano da Gaya suka koma zagaye ta Lome da Burkina, kuɗi da kwanaki suka ƙaru. Faɗi ma na da tasiri, ƙofar kwantena wajen mita 2,34 ce, mai faɗin mita 2 zuwa 2,10 na shiga da sauƙi, mai 2,30 kuwa sai addu'a. Ka tabbata ta zo da kart giriz nata, a Faransa duk wadda ta wuce kilo 500 tana da nata daban, kuma ka je ka tambayi ma'aikatar sufuri da mai asirans ajin permi da takardun da ake so kafin ka biya, ba sai jandarma ya tsaida ka a Doso ba.

In ta iso kada tafiyar farko ta zama kilomita ɗari biyar da wani abu zuwa Tawa. Loda ta yadda za ka yi tafiya da ita, ja ta zuwa Kollo ka dawo, a hanya ka tsaya ka kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya, in ɗaya ta fi ɗaya zafi birki ne ke kamawa ko rulma ya fara, ka sake ɗaure notocin taya, ka buɗe ciki ka ga abin da ya zube da inda ƙura ta shiga. Daren kuma ka kwana cikinta a tsakar gida, ba tare da ka jona wutar gida ba, ka ga ƙarfe nawa bantilater zai tsaya.